Sanyin da ke bugun mu shi ke bugun maƙwabciyarmu ƴar Katolika

Ina sanyi? Mun san amsar, sanyi lokacinsa ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu ba wanda hunturu ke raga ma, daga Damagaram har Yamai. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yara na tari, hazo ya rufe gari har rana ta koma kamar farin wata. Yau muna son mu yi magana kan wata mata da kusan kowace babbar unguwa ke da irinta, a Maradi ko Tawa ko Ƙonni, wato maƙwabciyarmu Kirista ƴar ɗarikar Katolika.

Wata tana saida koko da ƙosai, wata malamar lakwal ce, wata ungozoma ce a gidan likita. Wasu kakanninsu sun zo daga Benin ko Togo ko Burkina tun da daɗewa, wasu kuma ƴan ƙasa ne gaba da baya, daga Dogonduci ko Makalondi ko Dolbel. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar duka ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Saboda ƙarancin nan ne da yawanmu ba mu san kome ba game da ibadarta, har za ka ji mutum da gemunsa yana cewa ai su ba su da wata addu'a sai kiɗa ran Lahadi. Wannan magana ba gaskiya ba ce.

Mai kokon nan tana tashi kafin ladan, don sai ta hura wuta ta dama gasara kafin masu fitowa daga masallaci su iso. Kafin ta taɓa ashana, ta yi alamar gicciye ta gode ma Allah da ya tashe ta lafiya. Da sunan Allah take kiransa, don da wannan sunan Bahaushen Kirista yake kiran Ubangiji. Tana da carbinta, mai ƙwaya goma-goma sau biyar, wanda suke ce ma rozari. Akwai wata gajerar addu'a da suke yi sau uku a yini, da safe, da tsakar rana, da maraice. Lahadi huɗu kafin Nowel lokacin jira ne da shiri a wajensu, kuma cikin tsakiyar ɗarin nan yake faɗowa. Daren 24 ga Disamba za ka gan ta ta naɗe da zane biyu da hular sanyi, ta nufi coci da yara a gaba. A Maradi babban cocinsu shi ne Notre-Dame de Lourdes, wanda ya zama mazaunin bishop tun 2001, lokacin da aka naɗa Ambroise Ouédraogo.

Ka tambaye ta ina aiki, ta ce da godiya. Ina gida, ta ce mun gode Allah. Baki ɗaya muke amsawa da ita. Kuma godiyar tata ba ta wanda ya ƙoshi ba ce, don kuɗin gawayin da ya tashi a kanta ya tashi, ruwan randa da ke yanka hannu da asuba ita ma shi take wanki da shi, in ɗanta ya kwana yana zazzaɓi tsoron sanƙarau ɗaya ne da namu, tunda yanzu ne lokacinsa.

To me ya sa har yanzu yaranmu ke bin ta da "arniya", manya na zaune a fada suna shan shayi ba mai tsawatawa? Me ya sa mai gida zai ce ɗakin haya ya kama, alhali kowa ya san sunanta ne ya ji? Yaro ba ya ƙirƙiro zagi da kansa, a tsakar gida yake tsintarsa.

Mun san akwai masu cewa ku bar tone-tone, ai zaune muke lafiya. Gaskiya ne galibi lafiya muke zaune, ranar sallar layya nama na shiga gidanta, ranar Nowel shinkafa na fitowa daga gidanta. Amma watan Janairu ba kamar sauran watanni ba ne a wajenta. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, da Asabar 17 a Yamai, an ƙona coci-coci da dama kan zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Faransa, zanen da ba ita ta yi ba, ba kuma ta san da shi ba. Mutum goma suka rasu bisa ƙidayar hukuma. Akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu cikin ɗaka a ranakun nan, Allah ya saka masu da alheri. Amma wadda ta taɓa gudu da goyo cikin hayaƙi, in ta ji yara sun taru suna ihu a bakin titi, gabanta sai ya faɗi, ko da wasan ƙwallo suke.

Ba mu ce kowa ya bar abin da ya yi imani da shi ba. Ita ma ba ta nemi haka ba, kuma in ka ce mata ta bar nata ba za ta bari ba. Abin da muke nema ƙarami ne kuma yana hannunmu. Wanda ya ji ɗansa ya zage ta ya kira shi gabanta ya ba ta haƙuri. Limamanmu da ke wa'azin haƙƙin maƙwabci su fito fili su ce har da maƙwabcin da ba Musulmi ba, don wasu masu saurare sun ɗauka bai shiga ciki ba. Matasan da ke tara barguna da rigunan sanyi don rabawa a unguwanni, in sun zo ƙofar gwauruwar da ke da gicciye a bango, su yi sallama su shiga, kada su tsallake zuwa gida na gaba.