Daga Suzuki 100 zuwa Hayabusa: sukuwa ma tana da filinta

Bahaushe mutumin doki ne tun tale-tale. Da shi ya yi yaƙi, da shi yake hawan Sallah, kuma da shi ake gane mai hali a gari. Da zamani ya juya, sai ƙaunar nan ta sauka daga kan sirdi ta koma kan babur. Shi ya sa duk majalisar da 'yan shekara hamsin zuwa sama suka taru, da wuya a watse ba a taɓo tsohon musun nan ba: tsakanin Suzuki da Yamaha da Honda, wa ya fi wani gudu? A wannan mako zan tsoma bakina cikin musun, domin na mallaki wasu daga cikinsu, wasu kuma daga nesa na yi ta haɗiyar yawu a kansu.

Babur ya cika titunanmu sosai ne bayan da kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata a 1975. Malamin makaranta da akawu da malamin gona, kowa ya jingine kekensa ya nufi kantin babura. Dattawa suka zaɓi Vespa ta Italiya, saboda ba ta kama babbar riga, kuma tana kai mutum masallaci da mutuncinsa. Samari kuwa hankalinsu na kan kayan Japan, inda gudun yake.

Babur ɗina na farko Suzuki A100 ne, na hannu, wanda na saya da kuɗin da na daɗe ina tarawa. Injinsa irin wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur ne, yana ba da wuta a kowane juyi guda, shi ya sa da ka murɗa totur sai ya zabura kamar ɗan maraƙin da aka kwance. Kukansa siriri ne kamar na taron zuma, yana barin shuɗin hayaƙi a baya. Sai dai yana da shagwaɓa. Mai Suzuki ba ya rabuwa da fulogi a aljihu, kuma idan allurar maleji ta doshi 100, ƙarfe da ƙashi duk rawa suke yi.

Bayansa na koma Honda CG125, wanda aka fara fitarwa a 1975. Kamfanin ya ƙera shi ne musamman domin ƙasashe irin namu, bayan ya lura cewa masu babur ba sa juye baƙin mai a kan lokaci, kuma suna ɗora wa abin hawa kayan da ya fi ƙarfinsa. Injinsa sau ɗaya yake ba da wuta a juyi biyu, don haka ba shi da zafin tashi. Ga hukuncina a kan musun majalisa: daga wannan danja zuwa waccan, Suzuki da Yamaha kan bar Honda da ƙura, amma a miƙa hanya daga Kano zuwa Zariya, lokacin da masu hayaƙi suka yi zafi suka fara tari, Honda na nan yana tafiyarsa bai ko canza murya ba. Na ukun da na riƙe shi ne Honda Roadmaster mai silinda biyu da salansa biyu, ingarman da tun daga bakin layi yara ke gane gurnaninsa.

Wanda na so ban samu ba shi ne Yamaha RD350 na 1973. Silinda biyu, giya shida, ƙarfin dawaki 39, kuma yana wuce kilomita 160 a awa guda. Ƙaramin jiki gare shi, amma ya sha kunyata baburan da suka ninka shi girma. Sauran kuwa a mujallu da kalandar bakanike muka san su: Honda CB750 na 1969 mai silinda huɗu, wanda ya buɗe ƙofar manyan babura na zamani, Kawasaki Z1 na 1972 da ya zo ya ƙwace masa kambu, sai Kawasaki GPZ900R na 1984, wanda Tom Cruise ya hau a fim ɗin Top Gun a 1986, ya hana samarin duniya barci.

Daga nan gasar ta zama ta kece raini. A 1996 Honda ya fitar da Super Blackbird, mai sunan wani baƙin tsuntsu, ya zama zakaran gudu. A 1999 Suzuki ya mayar da martani da Hayabusa, wato sunan wani shaho a harshen Japan, wanda baƙin tsuntsun nan yana cikin abincinsa. Mai karatu ya ga gugar zana. Hayabusa ya haura kilomita 300 a awa, abin da ya tayar da hankalin hukumomi a Turai har aka fara maganar hana shigo da irinsa. Ganin haka, manyan kamfanonin suka yi yarjejeniya a tsakaninsu, suka sa wa baburansu takunkumi a kusan kilomita 299. Ko da Kawasaki ya ƙera Ninja H2R a 2015, bai sayar da shi don hawa titi ba, sai don filin tsere. Ranar da ɗan tseren Turkiyya Kenan Sofuoglu ya kai malejinsa 400 a 2016, a kan gadar Osman Gazi ya yi, kafin a buɗe ta ga jama'a, babu mota babu mai tafiya a ƙasa.

A nan ne zancen ya zo gida. Waɗanda suka ƙera gudun da hannunsu sun ji tsoronsa har suka yi masa iyaka. A tsibirin Isle of Man, inda ake tseren babura tun 1907, rufe hanya ake yi, a zuba jami'an tsaro da likitoci, mahaya su sa rigar fata da hular kwano, amma duk da haka mutum fiye da 250 sun rasa rayukansu a wannan hanya. To ina ga yaron da ke ɗaga tayar gaba a tsakiyar titin unguwa ranar kai amarya, da silifas a ƙafa, kansa babu ko hula, ga abokai biyu a baya?

Lissafin ba ya da wuya. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, tun kafin ƙafarsa ta taɓa birki. Idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da kake bukata kafin ka tsaya ninkuwa yake yi sau huɗu. Titinmu kuwa kowa ya san shi: ga rami, ga akuya, ga adaidaita sahu da ke juyawa ba sigina, ga ɗan makaranta da zai tsallaka. Da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta wajabta hular kwano a farkon 2009, wasu ƙwarya suka kifa a ka don yi wa doka ba'a. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala ya san a kan wa ba'ar ta ƙare.

Iyayenmu masu doki sun fi mu fahimtar wannan al'amari. Ba su taɓa yin sukuwa a cikin kasuwa ba, fili suka ware mata. Dubi jahi a ƙofar fada ranar hawa: mahaya kan taho a guje kamar za su bi ta kan Sarki, sai a taki kaɗan su ja linzami, dawaki su turje cak, a ɗaga hannu a yi jinjina. Kowane doki yana iya gudu, tsayawar ce ake yi wa guɗa. Mu mun gaji sukuwar, mun bar linzamin a rataye.

Saboda haka hani kaɗai ba zai wadatar ba, don ba a raba matashi da son gudu. Gwamnatocin jihohi da masu hannu da shuni su ware filin tseren babura mai shinge da ƙa'ida da motar asibiti, yadda aka ware wa dawaki da 'yan ƙwallo, sannan a tsananta hukunci a kan mai wasa da babur a titi. Ƙungiyoyin masu manyan babura da ke garuruwanmu su ɗauki nauyin koyar da ƙannensu birki da kwana kafin totur. Uban da zai saya wa ɗansa mashin kuma, ya haɗa da hular kwano a ciniki guda, ya kuma tabbata kan yaron take hawa.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu a kan hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya.