Gishiri da Sukari Ba Ɗaurinsu Ɗaya Ba

Ya 'yan'uwana ɗalibai, ni a ganina asara ce mu riƙa haddace darasin ɗaurin sinadarai kamar aku, alhali kuwa kayan gwajinsa suna nan jibge a kasuwar Jahun da ta Gujungu.

Ku dubi gishiri da sukari. Dukansu farare ne, dukansu suna narkewa a ruwa, amma abin da ya ɗaure ƙwayoyin zarrarsu ba ɗaya ba ne. A gishiri, sodiyam ne yake sakar wa kulorin elektaron guda, sai shi ya ɗauki cajin ƙari, kulorin ya ɗauki na ragi, su jawo juna. Wannan shi ne ɗaurin ayonik. A sukari kuwa ba mai sakar wa wani. Kabon da haidirojin da oksijin tarayya suke yi a kan elektaron bibbiyu, kamar wa da ƙane masu noman gandu. Shi ake kira kobalent, wanda wani Ba'amurke, Gilbert Lewis, ya bayyana a 1916.

Zuba sukari a cokali ka ɗora bisa garwashi, nan da nan zai narke ya yi ja, domin a wajen digiri 186 yake saki. Ba ɗaurin tarayyar ne mai rauni ba, riƙon da ke tsakanin dunƙulen sukari da ɗan'uwansa ne sako-sako. Gishiri fa, cokalin zai yi baƙi yana nan daram, sai zafi ya kai digiri 801. Sa'an nan ka haɗa batir da waya da ɗan ƙwan tocilan irin na zamani: ruwan gishiri zai kunna shi, na sukari ko ƙyaftawa ba zai yi ba, don ba ya ɗauke da caji. Batir na ce, kada wani ya taɓa wutar gida!

Wadda ta fi burge ni ita ce kanwar da iyayenmu mata ke jefawa a miyar kuka. Ita ta haɗa duka biyun: kabon da oksijin suna tarayya a junansu, sa'an nan ƙungiyar tasu ta riƙe sodiyam da ɗaurin ayonik.

Wanda ya ga wannan da idonsa, ko mai jarrabawa ya juya tambaya ba zai ruɗe ba. Saboda haka ina roƙon malamanmu su yarda mu zo da waɗannan kaya aji. Ku kuma iyayenmu, in mun zo hutu kuka ga yaro yana ƙona sukari a cokali, ku tambaye shi dalili kafin ku kai ga bulala.