Bayan ficewar Shoprite daga Kano: Me mai saye a Ƙaura, Shinkafi da Zurmi ke nema?

A ranar 14 ga Janairun 2024 kantin Shoprite ya rufe reshensa da ke Ado Bayero Mall a titin Gidan Zoo a Kano, bayan ya shafe kusan shekara goma yana ciniki a wurin. Duk ɗan Zamfara da ya taɓa zuwa Kano sari ko ziyara a waɗancan shekaru, da wuya a ce bai leƙa ba, ko da don ya ba idonsa abinci. Har yanzu kuma idan hira ta zo kan ci gaban gari a majalisun Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi, ba a rasa mai cewa ina ma a ce mu ma an kawo mana irin wannan katafaren kanti. Burin ba laifi ba ne. Sai dai kafin mu roƙi abu, ya kamata mu san abin da ya jawo mutane gare shi, da abin da ya kayar da shi a birnin da ya fi ko'ina kasuwanci a Arewa.

Shoprite kamfanin Afirka ta Kudu ne. Ya shigo Najeriya a ƙarshen 2005 ta Legas, ya iso Kano a watan Maris na 2014. A watan Agustan 2020 uwar kamfanin ta sanar da cewa za ta janye hannunta daga Najeriya, a 2021 kuma ta sayar da rassanta 25 ga wasu masu zuba jari 'yan ƙasa a ƙarƙashin kamfanin Ketron. Sunan ya zauna, masu shi ne suka canja. Su ne suka rufe reshen Kano, suna kafa hujja da halin kuɗi da yanayin kasuwanci, daga baya kuma suka rufe wani a unguwar Wuse a Abuja.

Me ya sa mutane suka so shi? Sanyin na'ura da hasken fitilu da burodi mai zafi da ake yi wa layi duk sun taka rawa. Amma a ganinmu babban abin da kantin ya sayar shi ne kwanciyar hankali. Farashi na rubuce a jikin kanta. Yaron da aka aika da alhajin da ya sauko daga babbar mota kuɗi ɗaya za su biya. Ana auna nama da kayan miya a kan sikeli a gaban idonka, a ba ka rasit, ka kuma duba ranar da madara ko maggi za su lalace ba tare da wani ya harare ka ba. Wanda ya taɓa sayen tiyar gero ya je gida ya sake aunawa ya ga ta kasa, shi ya san darajar wannan.

To amma akwai abin da kantin ba ya yi, kuma shi ne rayuwar mafi yawanmu. Babu tayi, babu albarka, babu gyara. Uwa uba, babu bashi. Magidancin da ke neman na cefane kullum ba ya cika keken turawa da kayan wata guda. Yana sayen sukari ƙulli ɗaya, man gyaɗa na miyar yau, omo ƙunshi guda. Mai shagon unguwa ya san shi, ya san mahaifinsa, zai rubuta masa a littafi har albashi ya shigo ko a sayar da wake. Na'urar karɓar kuɗi ba ta san wannan zumunci ba. Shi ya sa a ranakun Sallah za ka ga harabar kanti ta cika maƙil, amma da yawa ɗaukar hoto ya kawo su, kuma hoto ba ya biyan kuɗin haya.

Irin wannan kasuwanci ribarsa a kan kowane kaya 'yar kaɗan ce, da yawan ciniki yake rayuwa. Dole firji ya kwana a kunne ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kuma inda wutar lantarki ba ta tsayawa, man dizal ne ke ɗaukar nauyin. Wani ɓangare na kayan daga waje ake shigo da shi da dala. Sai ga shekarar 2023: a ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake canjawa a kan kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,400 a farkon 2024. A Disambar 2023 hauhawar farashin abinci ta kai kusan kashi 34 cikin 100 a ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Kuɗin tafiyar da kanti ya tashi a daidai lokacin da aljihun mai saye ya bushe.

Kantunan gida irin su Sahad da Jifatu sun fi fahimtar mutanensu. Suna haɗa kayan masarufi da atamfa da shadda da kayan lefe da na ɗakin amarya, abubuwan da Bahaushe ke tara kuɗi ya saya gaba ɗaya. Sai dai su ma jarinsu amana ce. A watan Fabrairun 2024 Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, ta garƙame wani reshen Sahad a Garki, Abuja, bisa zargin cewa farashin da ke jikin kanta ya saɓa da wanda ake karɓa a wurin biya. An sake buɗe shi ba da jimawa ba, bayan kantin ya ɗauki alkawarin gyarawa. Abin lura shi ne yadda labarin ya karaɗe wayoyin mutane cikin sa'o'i. Mai saye zai iya haƙura da tsada, amma ba ya yafe jin cewa an yi masa wayo.

Yanzu mu dawo gida. Babban kanti mai rassa, idan aka cire ado, mota ce da ke isowa da kaya a kan lokaci. Wannan kuwa shi ne abin da arewacin Zamfara ya rasa. Ɗan kasuwar da ya saro taliya da sabulu a kasuwar Singa ta Kano, daga Gusau zuwa Ƙaura, daga Ƙaura zuwa Shinkafi ko Zurmi, da addu'a a bakinsa yake tafiya saboda 'yan bindiga. Direba na ƙara kuɗin mota saboda kasadar da yake yi, kuma wannan ƙarin a kan mai sayen sabulu guda yake ƙarewa. Kasuwar Shinkafi da ke ci ranar Alhamis, wadda a da har daga Jamhuriyar Nijar ake zuwa cin ta, tana cikin waɗanda suka tsaya cak a watan Satumbar 2021 lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako. A watan ne kuma aka katse layukan waya a faɗin jihar. Wane kanti mai dogaro da na'urar POS da sarin yau da kullum zai rayu a haka?

Ƙaura ta taɓa ganin ɗaya fuskar. Da layin dogo ya iso garin a 1929, kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da auduga ba roƙonsu aka yi ba, da kansu suka biyo jirgi suka kafa kantuna. Hanya ce ta fara zuwa, ciniki ya biyo ta.

Don haka kiranmu ga gwamnatin Dauda Lawal shi ne kada wani ya ruɗe ta da zanen katafaren gini mai gilashi. Kuɗin da za a zuba a nan ya fi amfani a kan tsaron titin Gusau zuwa Ƙaura da rassansa biyu, musamman a ranakun kasuwa, da jajibirinsu, lokacin da motocin kaya ke tafiya.

Sauran abin da mutane suka so a Shoprite kuwa ba ya buƙatar ko bulo ɗaya. Ƙananan hukumomin uku da sarakunan kasuwa za su iya tsayar da tiya guda mai hatimi, a ajiye ta a ofishin kasuwa inda duk mai shakka zai je ya sake awo kyauta. Ƙungiyoyin 'yan tireda za su iya wajabta wa mambobinsu rubuta farashin shinkafa, mai, sukari da fulawa a allo a ƙofar shago. Za su kuma iya haɗa kuɗi su yi sari a mota ɗaya, wanda shi ne sirrin rahusar manyan kantuna tun asali. Jami'an NAFDAC da na duba-gari su riƙa shiga shaguna suna duba kwanan watan madara, lemon kwalba da abincin yara, domin kayan da wa'adinsu ya kusa cika sun fi samun mafaka a garuruwan da ba a cika duba su ba.

Mun san wasu 'yan kasuwa za su ce farashi na canjawa tsakanin safe da yamma, allo ba zai iya bi ba. Da alli ake rubutawa, a goge a sake. Masu gidajen mai ma kullum haka suke yi, kuma ba mu ji wanda ya rufe saboda wannan ba.