Kafin mu ƙwace wayar: Naruto da ƙannenmu



Ranar Asabar da ta wuce, ana tsakiyar koyon waƙa, ɗaya daga cikin dattawanmu ya shigo majami'a ya tarar da yara uku sun haɗa kai a bencin baya. Waya suke kallo. A cikinta wani yaro mai rawayan gashi ya rikiɗe, jar wuta ta lulluɓe shi, wutsiyoyi sun fito masa. Baba ya karɓe wayar, ya ce wannan tsafi ne ƙiri-ƙiri, kuma zai kai maganar gaban dattawa domin a hana shi kwata-kwata. Mai wayar ɗan shekara 14 ne. Washegari Lahadi ba mu gan shi a sujada ba.

Mu da ke jagorancin zumuntar matasa mun zauna a kan lamarin, muka ga ya dace mu faɗi ra'ayinmu da ladabi, domin yawancinmu da wannan wasan muka tashi. Baba yana da gaskiya cewa akwai matsala. Inda muka sha bamban da shi shi ne wurin da matsalar take.

Ga iyayen da ba su san abin ba, sunan yaron Naruto. Wani mai zane ɗan Japan, Masashi Kishimoto, ya fara fitar da labarinsa a mujallar Weekly Shonen Jump a 1999, ya kammala a 2014, babi 700 cikin littattafai 72. An mayar da shi katun na talabijin daga 2002, kashi 220, sannan ci gabansa mai suna Shippuden ya zo daga 2007 zuwa 2017, kashi 500. Wasannin gem suka biyo baya. Kamfanin CyberConnect2 da ke birnin Fukuoka ya yi Ultimate Ninja na PS2 a 2003, ya yi Ultimate Ninja Storm na PS3 a 2008, Storm 4 ya fito a 2016. Wanda ke cikin wayar da aka ƙwace shi ne Ultimate Ninja Impact na 2011. Asalinsa na ƙaramar na'urar PSP ne, amma wata manhaja mai suna PPSSPP tana sa wayar Android ta ɗauke shi. Ba ya bukatar data, kuma aboki zai tura maka shi ta Xender kafin shayinka ya huce.

Wannan rashin bukatar data shi ya ba shi gindin zama a wurinmu. Kowa yana tune da watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka kai Disamba kafin a dawo da su. Babu kira, babu WhatsApp, babu Facebook. Fita da dare kuwa, iyaye ba sa bari, kuma suna da hujja. Yaro yana zaune a ɗaki da wayar da ba ta kiran kowa, abin da ya rage a cikinta waƙoƙi ne da gem. Mu kanmu mun buga, har da waɗanda yanzu suke tsayawa gaba suna bi da nazarin Littafi Mai Tsarki. Ya kamata mu faɗi wannan tun da wuri, kada wani ya ɗauka waliyyai ne suke rubutu.

To, maganar tsafi. Ba za mu rufe ido mu ce babu komai ba. Dilar nan mai wutsiya tara da aka kulle a cikin Naruto tun ranar haihuwarsa, daga tatsuniyoyin Japan da Sin aka ɗauko ta. Kalmar "chakra" da yara ke ta ambata daga harshen Sanskrit take, tana da gida a addinin Hindu da na Buddha. Alamun da ake yi da yatsu kafin a jefa wuta, sunayen dabbobi 12 na kalandar Sin gare su. Akwai ma wata dabara ta tayar da matattu a tilasta musu yaƙi, wadda labarin da kansa ya nuna ta a matsayin mugun abu. Duk uwar da ta ga wannan ta ji gabanta ya faɗi, ba ta yi laifi ba. Amma mu ma Hausawa muna da Gizo da Ƙoƙi da Dodo, kakanninmu sun yi mana su da dare, ba wanda ya tashi yana yi wa Gizo sujada. Kishimoto ya ɗebo kayan tatsuniyar ƙasarsa ya gina labari da su, kamar yadda kowane mai ba da labari yake yi. A shekarun da muka yi tare da matasa ba mu taɓa ganin wanda ya bar bangaskiya ya koma bautar dila ba. Waɗanda suka bar zuwa sujada domin an kunyata su a gaban tsaransu kuwa, mun gani, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Manzo Bulus ya yi fama da irin wannan a Koranti, a kan naman da aka miƙa wa gumaka. Bai ce gunki yana da wani iko ba, amma ya ja kunnen masu ganin sun waye da su kula da lamirin ɗan'uwa. Wannan ya hau kanmu. Idan zuciyarka ba ta kwanta da wasan ba, ka bar shi, kada kowa ya yi maka dariya. Idan ta kwanta, kada ka kunna shi a bencin majami'a a gaban dattijon da ka san zai ɓata masa rai. A nan kam yaran sun yi kuskure, kuma mun faɗa musu.

Ɓarnar da muke gani da idonmu ba ta kai dila ban tsoro ba, shi ya sa ake tsallake ta: barci ne da kuɗi. Yaro ya kwana yana latsa waya cikin bargo, da safe ya tafi makaranta ido jawur. Kuɗin karin kumallo ya ƙare a gidan gem ko wurin mai caji, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 duk abin da ke tafiya da janareto ya yi tsada. Sababbin wasannin ma sun fi iya tatsa. Fortnite ya shigo da Naruto a Nuwamban 2021, Free Fire ya shigo da shi a Janairun 2025, kuma a can kaya ake sayar maka, riga da salon motsi, da kuɗi na gaske, ga data da ke zuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtukanta a 2019, amma ma'auninta ba yawan awoyi ba ne. Abin da take dubawa shi ne mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasan a kan sauran rayuwarsa, ya ci gaba ko da yana ganin asara, kuma hakan ya ɗauki kamar shekara. Yawancin ƙannenmu ba su kai nan ba. Wasu 'yan kaɗan sun kama hanya, kuma ba sai da Naruto ba. Ƙwallon gem ma yana yin wannan aikin, ba wanda ya taɓa ce masa tsafi.

Abin da ya fi damunmu dabam ne, kuma shi ya sa muka yi wannan rubutu.

Wanda ya bi labarin Naruto daga farko ya san ba labarin duka ba ne kawai. Maraya ne da mutanen gari suka ƙi saboda abin da aka sa a cikinsa ba da saninsa ba. Iyaye suna janye 'ya'yansu idan ya matso. Abokinsa Sasuke kuma an kashe danginsa kaf a dare ɗaya, sai ya ba da ransa gaba ɗaya ga ramuwa, har ta kusa cinye shi. Tsakiyar labarin shi ne zuwan wani mai kiran kansa Pain, ainihin sunansa Nagato. Shi ma maraya ne, mayaƙan garin su Naruto ne suka kashe iyayensa lokacin yaƙi. Ya girma ya kashe Jiraiya, malamin da ya koyar da su duka biyun, ya rusa garin Konoha, ya ce duniya ba za ta san zaman lafiya ba sai kowa ya ɗanɗana zafin da shi ya ɗanɗana. Ya tambayi Naruto ta yaya zai tsayar da wannan gaba da ake gada. Naruto ya rasa amsa. Daga baya, da ya ci nasara ya je ya tsaya a gaban mutumin da ya kashe masa malami, ya faɗa masa a fili cewa bai yafe ba, har yanzu yana jin kamar ya kashe shi. Ya nemi ya ji tarihinsa, ya saurara har ƙarshe, kuma bai kashe shi ba.

Yanzu ku je ku kalli yadda ake buga wannan wuri a waya. Faɗan yana nan, har ya fi na katun armashi. A Impact ma abokan gaba garke-garke suke zuwa, kana share su kamar ana sassabe. Da an gama faɗa, hira ta fara fitowa da Turanci a ƙasan allo, sai babban yatsa ya danna a tsallake, domin batir yana ja kuma aboki yana jiran layi. Mun tambayi yaran nan uku me ya faru tsakanin Naruto da Nagato. Dukansu sun san maɓallan da ake haɗawa a fitar da Rasengan. Ɗaya ya ce ai Naruto ya gama da shi. Ba laifin yaron ba ne. Gem ana gina shi ne a kan abin da yatsa zai iya yi, kuma babu maɓallin sauraro. Abin da ya saura a hannunsa shi ne: an taɓa naka, ka ƙara ƙarfi, ka koma ka rama.

A wani gari wannan ba zai zama abin rubutu ba. Amma mu a nan muke zaune. Mun san hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi, mun san lokacin da direba ke cewa kowa ya yi addu'a. Muna tune da ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe a Disamban 2020, da ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka sace a Oktoban 2023. A cikin zumuntarmu akwai waɗanda iyayensu suka bar gona, akwai waɗanda aka sayar da shanun gidansu aka biya fansa. Maƙwabtanmu Musulmi haka, ba a tambayar addini kafin a shiga ƙauye. Yaron da ya tashi cikin wannan, tambayar Nagato tana cikin ƙirjinsa ko ya san sunan Nagato ko bai sani ba. Mun ji ɗan shekara 15 yana cewa da zai sami bindiga, duk Bafulatanin da ya gani a kasuwa ba zai bar shi ba. Mai tallar nonon da yake nufi ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, wataƙila ma ita ma an kore mata garke.

Ba mu ce katun na Japan yana da maganin wannan ba. Amsarsa ma akwai ha'inci a ciki: Nagato ya tuba ya ba da ransa, duk waɗanda suka mutu a harin Konoha suka tashi. A Kurfi ba wanda za a dawo masa da mahaifinsa. Amma ko a labarin, Jiraiya bai dawo ba, kuma Naruto ya yanke shawararsa tun kafin ya san za a tayar da kowa. Gafarar da ake koya mana a ikilisiya ta fi wannan tsada. Yusufu ba a mayar masa da shekarun da ya yi a bauta da kurkuku ba, da 'yan'uwansa suka faɗo hannunsa ya yi kuka ya ciyar da su. Yafiya kuma ba ta hana a tsare gari ko a kai mai laifi gaban shari'a. Abin da take hanawa shi ne a ɗora laifin mutum a kan ƙabilarsa, a bar wa 'ya'ya gadon gaba. Mun yi ƙoƙarin buɗe wannan magana da ƙannenmu ta hanyar wa'azi, suka sunkuyar da kai suka yi shiru. Ranar da ɗayanmu ya ce, "Kai, da kai ne Naruto a gaban Nagato, me za ka yi?" sai da muka roƙe su su tashi a rufe majami'a. Yaron da bai taɓa ambaton ƙanen babansa da aka kashe a gona ba, ranar ya ambace shi.

Shi ya sa muke roƙon iyayenmu da dattawa kada a kafa dokar hani. Gem ɗin da ake turawa cikin minti biyar ba ya hanuwa, zai koma cikin bargo ne kawai, inda babu babba. Kuma idan muka ce wa yaro abin da yake so na shaiɗan ne, shi kuwa ya san labarin maraya ne mai neman a karɓe shi, zai yanke cewa ba mu san abin da muke faɗa ba, ya daina kawo mana manyan tambayoyin ma. A sa iyaka, wannan muna goyon baya ɗari bisa ɗari: babu waya a majami'a, waya ta kwana a ɗakin Mama, kuɗin abinci na abinci ne. Mu manyan yayye kuma mu daina wa'azin kamun kai da wayar da ta kai mu ƙarfe biyun dare.

Mun je gidan Baba ranar Talata da yamma, muka gaishe shi, muka faɗa masa duk wannan. Bai yarda da mu a kan dilar ba, ya ce abin da ke da wutsiya tara ba ya son ganinsa ko a zane. Amma ya ba mu wayar mu mayar, ya ce a gaya wa yaron yana nemansa a layin masu murya ta biyu ranar Asabar. Mun kai masa, ya karɓa, bai ce zai zo ba. Ranar Juma'a bayan addu'ar yamma za mu haɗa waya da talabijin ɗin zumunta mu buga faɗan Pain tare, da sharaɗin ba mai tsallake hira, ɗaya daga cikin 'yan jami'a zai riƙa fassarawa. Za a tashi kafin magariba saboda masu komawa nesa. Mun ajiye wa Baba kujera, ya ce zai duba.