Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

A Choggu, da mutum ya ce ya ga jini a bayan gida, kafin ya rufe baki an yanke hukunci: basir ne. Mai lasifika ya miƙo jarkar tsimi, mai kemis ya ƙara da diclofenac. Wata shida ana zawo, mutum sai ramewa yake, har yanzu wai basir!

Jama'a, akwai ciwon da garkuwar jiki ce da kanta take cin hanji, irin wanda Dakta Burrill Crohn ya bayyana a Amurka a 1932. Jiki na da sinadaran da ke hura wutar kumburi, kamar TNF, da masu yayyafa mata ruwa, kamar IL-10. A 1993 masana a Jamus sun samar da ɓerayen da ba su da IL-10, sai hanjinsu ya kumbura. Wane tsimi ne zai gyara wannan? Diclofenac kuwa fama gyambon yake yi.

Masu cewa ai cutar Turawa ce, hanjin mutum nawa suka leƙa da kyamara kafin su faɗa? Ga Asibitin Koyarwa na Tamale nan kusa, amma mai lasifika ya riga likita ganin marar lafiya.