Kafin a ce maka "sai an yi formataj", a duba igiya tukuna

Yau ƙorafi na kawo, kuma a kaina abin ya faru.

Ranar Talata da la'asar ina gida nan Kalley ina haɗa shirin dare. Kwamfutata portabul ramin USB biyu gare ta, ni kuwa abin da nake jonawa huɗu ne: mikoro, akwatin sauti, disk dur da kile. Shi ya sa nake aiki da miltipriz ɗin USB, irin mai sharjarsa daban da ake sawa a bango. Na jona shi yadda na saba. Fitilarsa ta kama tar, amma kwamfuta shiru. Ko ɗan ƙaran nan da Windows ke yi in an soka abu babu.

Na ɗauki kaya na nufi wajen masu gyara kusa da Babbar Kasuwa. Yaron farko ko minti biyu bai yi yana dubawa ba ya ce: "Yaya, Windows ɗinka ne ya lalace, sai an yi formataj." Gabana ya faɗi. A cikin injin nan akwai hirarrakin da na yi da dattawan unguwa shekara da shekaru, wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma ba duka na kwafe ba. Na ce masa bari in yi shawara.

Shago uku gaba, wani dattijo ya karɓi kayan, bai ma taɓa kwamfutar ba. Igiyar da ke tsakanin miltipriz da kwamfuta ya zare, ya ɗauko wata daga aljihun teburinsa ya sa. Nan take disk ya bayyana. Ya ce: "Ɗana, wannan igiyar taka ta caji ce kawai." Ashe ƙanena ne ya ari tawa, ya maido min da ta ƙaramar fankarsa. Baki ɗaya ne, tsawo ɗaya, ido ba ya rabewa.

Ga abin da ya kamata kowa ya sani. Igiyar USB ta asali wayoyi huɗu ne a cikinta: biyu na kai wuta, biyu na kai bayanai. Yawancin igiyoyin da ke zuwa da tocila ko ƴar fanka na wutar kaɗai gare su. Fitilar miltipriz kuwa daga sharjar bango take samun wuta, don haka kamawarta ba shaida ba ce cewa ya yi magana da kwamfuta.

Akwai kuma gwajin da ba ya cin ko dala. Ka buɗe Gestionnaire de périphériques, ka zare igiyar ka mayar kana kallon allo. In jerin ya motsa, ko ka ga "Concentrateur USB" ya fito, ko alamar rawaya mai cewa na'urar ba a san ta ba, to wani abu ya iso wajen Windows, ana iya zancen pilot da saiti. In bai motsa ba sam, kusan ko yaushe matsalar tana waje: igiya, rami, ko miltipriz ɗin kansa. To, me formataj zai gyara a abin da bai ma iso ba?

Sauran masu laifin duk mun san su a Yamai. Ƙurar hunturu tana cika ramin USB. Wani miltipriz yana da ramin da wuta kaɗai yake karɓa, mutum ya soka igiyar kwamfuta a nan. Sharja takan sarƙe a gida, wani na son volt 5, wani 12, kuma in ka ba mai 5 ta 12 sai dai ka ji ƙauri. In kuran ya ɗauke ya dawo, miltipriz kan daskare, sai an zare komai an jira kaɗan an mayar. Windows ma yana kashe ramuka don tattalin batir, ana hana shi a cikin saitin wuta. Kuma kar a ce a yar da sharjar a huta: ramin USB 2.0 miliampa 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900, disk dur ɗaya kan kusa cinye wannan, balle a raba wa kaya huɗu.

Ban ɗora wa yaron laifin duka ba. Formataj shi ne aikin da muke biya ba gardama, don mun ga an zauna awa biyu ana yi. Wanda ya gano cutar cikin minti ɗaya sai mu ce "ai ba ka yi komai ba", mu yi godiya mu wuce. Mu muka koya musu cewa bincike ba ya kawo kuɗin cefane. Amma wallahi wannan bai wanke mai gyaran da zai share injin mutum ba tare da ya tambaye shi abin da ke ciki ba. Ɗalibi nawa ne memuwar ɗinsa ta tafi a haka? Hotunan biki nawa, takardun shago nawa?

Dattijon ya ce in bar kuɗin, igiyar kawai zan biya. Na ce a'a Baba, na ajiye masa jikka ɗaya a kan tebur. Na isa studiyo saura minti goma a buɗe mikoro. Igiyar yanzu na naɗa mata jan salatif, ƙanena ma ya san ma'anarsa, hirarrakin dattawan kuma daren nan nake kwafe su a disk na biyu.