Marubuci, Bar wa Mai Karatu Ɗan Duhu

Duk wanda ya tashi a Damargu ya san cewa a tuddan da ke kewaye da Tanut yara kan tsinci wasu duwatsu masu naɗi kamar katantanwa. Masana ilimin ƙasa sun tabbatar cewa ragowar halittun teku ne, domin fiye da shekara miliyan 90 da suka wuce teku ya rufe wannan yanki. Bafaranshe René Chudeau ya bayyana irinsu tun 1909. Sai dai sanin wannan bai kashe mamaki ba. Manomin gero da ke huɗa a tsakiyar ƙasa mai ƙishirwa, ya tono katantanwar teku, yana riƙe da tambayar da ta fi amsarta daɗi. A ganina irin wannan tambaya ce rubutunmu na ƙirƙira ya fi rashi.

Da yawa daga cikin labaran da muke karantawa, na takarda da na waya, ba sa barin komai a rufe. Kafin shafi na uku an faɗa mana wanda ya yi sata da dalilinsa da abin da zai same shi. Idan kuma zaren ya cukurkuɗe, sai a kira aljani ko boka ya warware shi a layi guda. Aljanin da aka bayyana sunansa da garinsu da buƙatarsa ya zama maƙwabci, ba ya tsorata kowa.

Abin takaici shi ne Hausa ta tanadi kayan aikin ɓoyewa a cikin nahawunta. Dubi jimlar nan: "An buɗe rumbu da dare." Wakilin suna "an" ya tabbatar da akwai mai aiki, amma ya hana mu fuskarsa. Idan aka ce "Rumbun ya buɗu," wato aikatau na giredi na 7 a tsarin Parsons, mai aikin ma ya ɓace gaba ɗaya. "Wai" na janye mai ba da labari daga abin da yake faɗa. "Wani" na shigo da baƙo ba tare da suna ba. "Ashe" kuwa ita ce ƙarar buɗewar asiri, saboda haka marubucin kirki kan yi rowarta, ya ajiye ta sai inda ta dace. Mu ɗaliban harshe muna rarrabe waɗannan a aji don cin jarrabawa, amma da wuya mu nuna wa marubuta amfaninsu.

Tarihin yankin ma cike yake da irin wannan giɓi. A Janairun 1851 a Tagelel, James Richardson ya rabu da abokan tafiyarsa, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Richardson ya nufi Zinder, ya rasu a watan Maris kafin ya kai Kukawa. Turawan sun rubuta abin da suka gani. To, me matar da ta sayar musu da fura ta ɗauke su? Me madugun ayari ya faɗa wa iyalinsa? Nan ne filin mai ƙirƙira, daga Tanut har Belbeji, a bakin rijiyoyi da tsofaffin zangon fatake.

Za a ce mai karatun Hausa yana son darasi a fili, kuma labarin da bai ƙare sarai ba yaudara ne. Akwai gaskiya a ciki, domin wani duhun lalaci ne kawai: marubucin bai san ƙarshen labarinsa ba, sai ya fake da asiri. Dole marubuci ya san amsar ko da bai faɗe ta ba, ya kuma bar sawun da mai lura zai bi. Amma al'ummar da ta raini ƴaƴanta da kacici-kacici ba za a ce ba ta iya jiran amsa ba. Kakanninmu ba sa faɗin amsar sai yaro ya gaza ya ba da gari.

Shawarata ga masu rubutu a cikinmu ita ce, idan kun gama labari ku koma ku nemi jimlar da ta yi bayani fiye da kima, ku cire ta, ku ga ko labarin zai tsaya da ƙafarsa.